Wa yake zaɓar labarin? Muhawara kan ƙarancin baƙar fata da sauran 'yan tsiraru a aikin jarida

Malam Habu (Bronx, New York):

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Akwai wata magana da ta kwana biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tun da a cikinmu akwai malaman jami'a da matasan da suke cikin aikin jarida yanzu, na ga ya dace in kawo ta gabanku. 'Yata ta biyu, wadda aka haifa a nan New York, ta karanta aikin jarida, ta kuma yi shekara huɗu tana aiki a wata jarida mai fitowa kullum a wani birni na tsakiyar Amurka. A makon jiya ta kira ni ta ce ta miƙa takardar ajiye aiki. A ɗakin labaransu mai mutum kusan arba'in, ita kaɗai ce baƙar fata, ita kaɗai ce kuma Musulma, alhali birnin yana da manyan unguwanni na baƙar fata da na baƙi 'yan ci-rani. Ta ce duk ranar da wani abu ya faru a masallaci ko a waɗannan unguwanni, ita ake tura wa ta nemo wanda zai yi magana, amma sau uku tana kai wa editanta shawarar a bincika yadda wasu masu gidajen haya suke barin iyalai cikin sanyin hunturu babu abin ɗumama ɗaki, sau ukun yana ce mata ba irin labarin da masu sayen jaridar suke nema ba ne. Da 'yan sanda suka harbe wani saurayi baƙar fata kuwa, sai aka ce ta koma gefe, domin abin ya shafe ta, ba za ta iya tsayawa tsakani ba.

Da farko na ɗauka rashin dacen wurin aiki ne, amma da na bi diddigin maganar sai na tarar tsohon ciwo ne. A 1967, bayan tarzomar da aka yi a Detroit da Newark, Shugaba Lyndon Johnson ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin gwamnan jihar Illinois, Otto Kerner. Rahoton da kwamitin ya fitar a 1968 ya ce kafofin watsa labarai suna kallon ƙasar da idon farar fata, ya kuma nuna cewa baƙar fata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu aikin labarai ba, a cikin editoci da shugabannin sashe kuwa ba su kai kashi 1 ba, yawancinsu ma a jaridun baƙar fata suke aiki. A 1978 ƙungiyar editocin jaridun Amurka ta yi alkawarin cewa kafin shekarar 2000 yawan 'yan tsiraru a ɗakunan labarai zai yi daidai da yawansu a cikin al'umma, lokacin suna kusan kashi 4. Da wa'adin ya ƙarato ba a kama hanyar cikawa ba, sai a 1998 aka ɗaga shi zuwa 2025. A 2022 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi 'yan jarida kusan 12,000, ta samu kashi 76 farar fata ne, kashi 8 'yan asalin Latin Amurka, kashi 6 baƙar fata, kashi 3 'yan asalin Asiya, a ƙasar da baƙar fata suka haura kashi 12, 'yan Latin Amurka kuma suka kusa kashi 19. Ina roƙon masana su fahimtar da ni abin da ya hana wannan ciwo warkewa fiye da shekara hamsin bayan an gano shi, domin ban san ko in ƙarfafa wa yarinyar nan gwiwa ta koma ba, ko in bar ta ta nemi wata sana'a.

Injiniya Garba (Houston):

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Allah ya zaɓa wa yarinyar nan abin da ya fi alheri. Sai dai a yi mini uzuri, ina da ja a kan yadda ake karanta waɗannan alƙaluma, domin ba kowace tazara tsakanin adadi biyu ce shaidar wariya ba. Mu duba gidajenmu. A cikin iyalan 'yan Afirka da na sani a nan Houston, da wuya ka samu uban da yake addu'ar ɗansa ya zama ɗan jarida. Likita muke so, ko injiniya, ko mai harhaɗa magunguna, domin mun sha wuya kafin mu tsaya da ƙafafunmu, kuma ba ma son 'ya'yanmu su shiga sana'ar da albashinta ba ya iya biyan bashin karatu. Ita sana'ar ma tana ƙanƙancewa, domin ita dai Pew ɗin ta nuna cewa ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridun Amurka sun ragu daga kusan 71,000 a 2008 zuwa kusan 31,000 a 2020, bayan da kuɗin talla suka koma wajen Google da Facebook. Gidan da yake rage ma'aikata kowace shekara ba zai iya sauya kamannin ma'aikatansa da sauri ba, ko da yana da kyakkyawar niyya.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne tushen hujjar. An koya mana cewa ɗan jarida na gari yana ajiye ƙabilarsa da addininsa a bakin ƙofa, ya shiga ya faɗi abin da ya gani. Idan muka ce sai baƙar fata ne zai iya ba da labarin baƙar fata, to mun yarda ke nan cewa 'yarka ma ba za ta iya ba da labarin manoman farar fata ko na majalisar dokoki ba, kuma wannan shinge ne da mu za mu fi kowa cutuwa da shi.

Hajiya Rabi (Landan):

Injiniya, na yarda da kai cewa ɗan jarida mai gaskiya zai iya ba da labarin kowa, kuma ban ji wanda yake neman a raba labarai bisa launin fata ba. Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Adalcin da kake magana a kai yana farawa ne bayan an riga an zaɓi labarin. Kafin nan akwai taron safe, inda mutum biyar ko shida suke yanke shawarar abin da ya isa a tura masa wakili da abin da za a bari, kuma ba wanda zai tura wakili inda bai san ana kuka ba.

Ina zaune a yammacin Landan, ba nisa da dogon benen Grenfell. A daren 14 ga Yuni 2017, cikin watan azumi, gobara ta cinye benen nan, mutum 72 suka rasu, da yawansu baƙi ne da 'ya'yan baƙi, wasu kuma sun tsira ne saboda maƙwabta Musulmi da suke jiran sahur sun bi ƙofa-ƙofa suna ta da mutane daga barci. Tun a watan Nuwamba 2016 mazauna benen suka rubuta a shafinsu na intanet cewa ba za a saurare su ba sai wani babban bala'i ya auku. Rubutun yana nan a fili wata bakwai kafin gobarar, amma manyan kafofin labarai, waɗanda ofisoshin wasunsu ma ba su da nisa da wurin, ba su ɗauke shi ba. Jon Snow, mai gabatar da labarai a tashar talabijin ta Channel 4 a lokacin, ya amsa wannan laifi da bakinsa a jawabin da ya yi a Edinburgh a watan Agusta na shekarar, inda ya ce 'yan jarida sun yi nisa da rayuwar irin mutanen da suke zaune a irin wannan bene. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin ba ya cikin taron safen nan.

Alƙaluman Birtaniya sun fi na Amurka muni. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya samu kashi 94 na 'yan jaridar ƙasar farar fata ne, Musulmi kashi 0.4, baƙar fata kuma kashi 0.2, wato mutum 2 cikin 1,000. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wales kuwa ta nuna Musulmi kashi 6.5 ne, baƙar fata kashi 4. Batun cewa 'ya'yanmu ba sa son aikin, ina tunatar da kai labarin Barbara Blake-Hannah, 'yar asalin Jamaika, wadda ta fara fitowa a talabijin tana ba da rahoto a 1968, aka sallame ta bayan wata tara saboda masu kallo sun yi ta ƙorafin ganin baƙar fuska. Iyayen da suka ga haka da idonsu suna da dalilin nusar da 'ya'yansu wata hanya. A wancan lokaci da yanzu kuma akwai katangar arziki, domin rahoton gidauniyar Sutton Trust na 2019 ya nuna kashi 44 na masu rubuta sharhi a jaridu sun fito daga makarantun kuɗi, alhali kusan kashi 7 kawai na jama'a ne suka yi irin waɗannan makarantu.

Dakta Sabo (Kano):

Malam Habu, na gode da ka kawo wannan batu, domin ina koyar da tarihin aikin jarida kuma ɗalibaina sukan ɗauka cewa baƙar fatan Amurka baƙi ne a sana'ar. Tarihi ya nuna akasin haka. A 1827 Samuel Cornish da John Russwurm suka kafa Freedom's Journal a New York, lokacin bautar bayi tana da sauran kusan shekara arba'in a kudancin ƙasar, kuma a fitowarta ta farko suka bayyana cewa suna so su kare kansu da bakinsu, domin an daɗe wasu suna magana a madadinsu. A 1892 Ida B. Wells ta riƙa bincike kan yadda gungun farar fata suke kashe baƙar fata ba tare da shari'a ba, har aka farfasa ofishin jaridarta a Memphis, ta kasa komawa garin. A 1905 Robert Abbott ya kafa Chicago Defender, wadda ma'aikatan jirgin ƙasa baƙar fata suke ɗauka zuwa kudu, ta kuma taimaka ƙwarai wajen jan hankalin mutane su yi ƙaura zuwa biranen arewa. Ƙwararru suna nan tun fil azal, manyan jaridun ne ba sa ɗaukarsu.

Abin da ya faru a unguwar Watts ta Los Angeles a watan Agusta 1965 ya isa misali. Da tarzoma ta ɓarke, mutum 34 suka mutu, jaridar Los Angeles Times ba ta da wakili baƙar fata ko ɗaya da zai shiga unguwar, sai wani saurayi mai suna Robert Richardson, ma'aikacin sashen talla, shi ne ya shiga yana aiko da rahoto ta wayar tarho. Jaridar ta samu kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, a kan rahotannin tarzomar. Wato an buɗe ƙofar ne ranar da wuta ta kama, kuma ina ganin wannan ɗabi'a ta neman baƙar fata ranar tashin hankali a manta da shi ranar zaman lafiya ita ce 'yarka ta tarar.

Akwai kuma wani ɓangare mai ɗaci da ba a cika faɗa ba. Bayan rahoton Kerner, manyan jaridu sun kwashi gwanayen wakilai daga jaridun baƙar fata, masu karatu da masu ba da talla suka bi su, sai gidajen da baƙar fata suka mallaka suka yi rauni. Chicago Defender ta daina fitowa a takarda a 2019, kuma a shekarar ce kamfanin Johnson, wanda ya kafa mujallar Ebony, ya durƙushe. A fannin rediyo da talabijin, tun 1978 gwamnati take sassauta haraji ga wanda ya sayar da tasharsa ga ɗan tsiraru, majalisa ta soke wannan tsari a 1995, shekara guda bayan haka kuma aka yi dokar da ta sauƙaƙa wa manyan kamfanoni haɗiye ƙananan tashoshi. Don haka idan ana ƙirga fuskokin da ake gani a akwatin talabijin, ni hankalina yana kan mai jan alƙalami a kan labarin da kuma mai gidan. Cibiyar Reuters ta jami'ar Oxford ta duba manyan kafofi a ƙasashe biyar a 2020, kuma a cikin waɗanda ta duba a Birtaniya da Jamus ba ta samu babban edita ko ɗaya da ba farar fata ba. Mu a nan gida ba launin fata ne ya raba mu ba, kuma ba na son haɗa abubuwan da ba ɗaya ba, amma wanda ya girma a Arewa yana karanta labarin garinsu daga alƙalamin wanda bai taɓa kwana a can ba ya san ɗanɗanon abin da ake magana a kai.

Injiniya Garba (Houston):

Hajiya, maganar Grenfell ta shige ni, kuma na karɓi gyaran da kika yi mini game da taron safe. Amma alƙaluman makarantun kuɗi da kika kawo suna ƙarfafa wani abu da nake so in faɗa. Ɗan babban likita daga Afirka, wanda ya yi makarantar kuɗi ya wuce Oxford, idan aka ɗauke shi aiki za a rubuta shi a layin baƙar fata a ce an samu ci gaba, alhali bai san ƙofar Grenfell ba fiye da abokin karatunsa Bature. Ɗan talakan farar fata daga tsohon garin haƙar kwal kuma yana waje kamar yadda 'ya'yanmu suke waje. Shi ya sa nake ganin a auna da aljihun iyaye ya fi a auna da fata. Ga shi kuma a watan Yuni 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, kamfanoni da yawa kuma sun fara ja da baya daga irin waɗannan tsare-tsare don gudun shari'a, saboda haka gyaran da aka gina a kan fata ba zai daɗe ba. Zan ƙara da abin da na ɗanɗana da kaina. Na yi shekaru ina aiki a inda wasu abokan aikina suke ganin don cike gurbin baƙar fata aka ɗauke ni, sai da na ninka ƙoƙarina kafin su yarda da lissafina, kuma ba na fatan 'ya'yanmu su ɗauki wannan kaya. Mu kuma tuna cewa Dean Baquet, baƙar fata, ya shugabanci ɗakin labarai na New York Times daga 2014 zuwa 2022, don haka ƙofar ba a kulle take ba.

Zainab (Chicago):

Baba Habu, ina gaishe ka, ina kuma gaishe da 'yar uwata, domin abin da ka faɗa ya yi kama da abin da ni ma na gani a shekara shida da na yi a wannan aiki. Kawu Injiniya, da izininka zan faɗi yadda ake shiga aikin da yadda ake fita, domin a nan ne fata da aljihu suke haɗuwa har a kasa raba su. Hanyar shiga babbar jarida ita ce zaman sanin makamar aiki na 'yan watanni a birane masu tsadar haya kamar New York da Washington, da ɗan abin da bai isa ya riƙe mutum ba, wani lokaci ma babu ko sisi. Wanda iyayensa za su biya masa haya shi ne yake iya zama, kuma a ƙasar nan dukiyar matsakaicin iyalin farar fata ta ninka ta iyalin baƙar fata sau da yawa, saboda tarihin da Dakta ya taɓo. Bayan haka guraben da yawa ba a tallata su, edita ne yake kiran tsohon malaminsa ko abokin karatunsa ya ce a turo masa yaro mai ƙoƙari, kuma kowa wanda ya sani yake turowa.

Hanyar fita ta fi wannan ciwo. A gidaje da yawa yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata ta tanadi cewa idan za a rage ma'aikata, wanda ya zo daga baya shi ne zai fara tafiya. Bayan da wani ɗan sanda ya kashe baƙar fata George Floyd a Minneapolis a watan Mayu 2020 an ɗauki matasa 'yan tsiraru da dama, Los Angeles Times ta nemi gafarar masu karatunta a watan Satumba kan tarihinta na wariya, Kansas City Star ma ta yi haka a watan Disamba. Amma a watan Janairu 2024 ita Los Angeles Times ɗin ta sallami aƙalla 'yan jarida 115, kuma ƙungiyoyin ma'aikatanta sun koka cewa abin ya fi faɗawa kan 'yan tsiraru, domin su ne sababbin zuwa.

Batun tsayawa tsakani kuwa, Kawu, ba a auna mu da mudu ɗaya. A 2020 jaridar Pittsburgh Post-Gazette ta hana wakiliyarta Alexis Johnson, baƙar fata, ba da rahoton zanga-zangar da ta biyo bayan kisan Floyd saboda wani saƙo guda da ta wallafa a Twitter. Ban taɓa jin an hana wakili farar fata da ya girma a unguwar masu hali ba da rahoton haraji don abin ya shafe shi ba. A Philadelphia, birnin da kusan kashi 40 na mutanensa baƙar fata ne, jaridar Inquirer ta buga wani kanun labari da ya kwatanta darajar gine-gine da taken da ake yi kan darajar rayukan baƙar fata, ma'aikata 'yan tsiraru suka ƙaurace wa aiki, babban editan ya ajiye muƙaminsa. Da a ce a cikin waɗanda kanun ya bi ta hannunsu akwai mai ikon cewa a dakata, da ba a kai ga haka ba. Masu karatu ma sun lura, domin a binciken Pew na 2023 kashi 63 na baƙar fatan Amurka sun ce labaran da ake bayarwa a kansu sun fi na sauran jama'a muni. Game da Dean Baquet ina girmama shi, amma mutum ɗaya a saman bene ba ya sauya waɗanda suke hawan matakala. Abin da ya fi karya mini gwiwa shi ne ƙidayar 'yan tsiraru a ɗakunan labarai da ƙungiyar editoci ta fara a 1978, domin a 2018 gidajen da suka amsa tambayoyin ba su kai ɗaya cikin biyar na waɗanda aka aika wa ba. Sana'ar da take tilasta wa kowa ya buɗe littafinsa ta rufe nata.

Isuhu (Paris):

Malama Zainab, maganarki ta ƙarshe ta sa dole in sa baki, domin a nan Faransa ƙidayar ma ba a yarda da ita ba. Tsarin jamhuriya ya ce ɗan ƙasa ɗan ƙasa ne kawai, doka kuma ta taƙaita tattara bayanai kan launin fata da asali, don haka babu wanda zai iya kawo irin alƙaluman da Malam Habu ya kawo. Hukumar da take sa ido kan rediyo da talabijin tana ƙirga waɗanda ake gani a allo bisa yadda mai kallo zai ɗauke su, amma wannan bai shafi waɗanda suke bayan allo suna yanke shawara ba. A watan Oktoba 2005 wasu yara biyu, Zyed Benna da Bouna Traoré, suka mutu a tashar wutar lantarki a Clichy-sous-Bois, a bayan garin Paris, suna gudun 'yan sanda, unguwannin bayan gari suka kama da wuta har mako uku. Sai ga wakilai suna zuwa waɗannan unguwanni kamar masu zuwa wata ƙasa, alhali tafiyar ƙasa da sa'a guda ce daga ofisoshinsu. 'Yan jaridar wata mujalla daga Suwizalan ne suka je suka tare a Bondy, ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni, suka buɗe shafin da ake kira Bondy Blog, daga baya suka miƙa shi ga matasan unguwar, kuma ya yaye 'yan jarida da dama. A watan Yuli 2006 Harry Roselmack ya karanta labaran ƙarfe takwas na dare a tashar TF1, abin ya zama babban labari domin ba a taɓa ganin baƙar fata a wannan kujera a tashar ba. Injiniya, ƙasar da ta ƙi duba fata da sunan daidaito ita ce wannan, kuma ina shaida maka cewa rashin ƙirgawa bai kawo daidaiton ba, ya dai hana mai ƙorafi samun hujja.

Dakta Sabo (Kano):

Misalin Bondy ya dawo da ni ga abin da nake so in gaya wa Malam Habu. Yau kafa kafar labarai ba ya bukatar injin buga jarida, kuma a biranen Amurka da dama akwai ƙananan gidajen labarai da ba riba suke nema ba, waɗanda gidauniyoyi da masu karatu suke ɗaukar nauyinsu. Idan babban gida ya ƙi labarin masu gidajen haya, ina ganin ya fi wa yarinyar nan ta kai shi inda za a buga shi, maimakon ta ƙare ƙuruciyarta tana roƙon editan da ba ya jin ta.

Hajiya Rabi (Landan):

Dakta, a nan kam na saɓa da kai kaɗan. Muna da jaridar The Voice a nan tun 1982, kuma ta yi wa baƙar fatan Birtaniya aiki mai yawa, amma minista da alƙali da shugaban 'yan sanda ba ita suke fara buɗewa da safe ba. Mazauna Grenfell ma suna da shafinsu, sun kuma rubuta gaskiya a ciki, abin da suka rasa shi ne wanda zai ɗauki gaskiyar ya kai ta inda masu mulki suke jin zafi. Idan duk yaranmu masu hazaƙa suka fice daga manyan gidaje, taron safen zai koma yadda yake a 1968. Matsin lamba daga ciki yana aiki. A watan Maris 2021, bayan hirar talabijin da aka yi da Yarima Harry da matarsa Meghan, inda suka koka kan wariya a jaridun Birtaniya, shugaban ƙungiyar editocin Birtaniya Ian Murray ya fitar da sanarwar cewa babu wariyar launin fata a jaridun ƙasar, sai 'yan jarida 'yan tsiraru fiye da ɗari suka sa hannu a wasiƙar ƙin amincewa, cikin kwana biyu ya sauka. Da ba sa cikin sana'ar, da sanarwar ta wuce babu mai cewa uffan. Sai dai ban ce 'yar Malam Habu ta sadaukar da lafiyarta da kwanciyar hankalinta ba, domin na san nauyin zama kai kaɗai a ɗaki.

Malam Habu (Bronx, New York):

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Injiniya, abin da ka faɗa game da iyaye gaskiya ne a kaina, domin lokacin da ta zaɓi wannan karatu na yi wata guda ina lallashinta ta koma fannin magunguna, kuma da ta kira ni a makon jiya abin da ya fara zuwa bakina shi ne in tuna mata da haka, Allah ya sa na yi shiru. Jiya da dare na karanta mata abin da kuka rubuta ta waya. Ta ce in gaya wa Hajiya cewa ba ta bar sana'ar ba, gidan ta bari, kuma za ta sake neman aiki a babbar jarida, amma wannan karon sai ta tambayi su wane ne suke zama a taron safe kafin ta karɓa. Ta ce in gaya wa Dakta kuma cewa takardun ƙorafin da ta tattara daga iyalai goma sha ɗaya na gidajen hayar nan suna hannunta, ta kuma yi magana da wani ƙaramin gidan labarai na birnin, sun ce ta kawo. Tana so ta kammala rubutun kafin sanyi ya shigo, don haka ta ce ba za ta zo gida hutu ba sai ta gama. Zainab, 'yata, ta roƙe ni in tambaye ki ko za ki yarda ki duba mata rubutun kafin ta miƙa shi.